Tsohuwar kwamfutar Baba da ta ƙi tsayawa wuri ɗaya

Asabar, 2 ga Nuwamba 2024

Yau na kinkimo tsohuwar kwamfutar Baba na kawo ɗakina, irin ta tebur ɗin nan ce mai akwatin ƙarfe, tun 2010 take gidan kuma Windows 7 ce a kanta. Abin da take yi kenan: ka danna makunni, fanka ta tashi, ɗigo-ɗigon nan huɗu masu launi su fara zagayowa za su haɗu su zama tambarin Windows, to kafin su gama haɗuwa sai wani abu shuɗi ya gifta kamar walƙiya, sikirin ya yi baƙi, ta koma farko. In ta dawo sai ta kawo wani baƙin shafi mai zaɓi biyu, ko ta gyara kanta ko ta tashi yadda ta saba. Ka zaɓi na biyu, walƙiyar nan ta sake giftawa. Ka zaɓi na farko, ta ɗau kusan minti ashirin tana wai bincike sannan ta ce maka ba za ta iya ba. Sau uku na bar ta ta yi wannan gyaran kan nata yau, kuma yanzu da nake rubutun nan ina ganin ɓata lokaci ne kawai, tun a na farko ya kamata in gane.

Ƙanina yana tsaye a kaina yana cewa "Yaya kawai a yi mata fomatin kowa ya huta." Na ce masa in ka isa je ka faɗa wa Baba haka. Hotunan gida na shekara goma sha huɗu suna ciki, da rubuce-rubucensa, kuma babu kwafinsu ko'ina. Da zan fito da ita abu ɗaya Baba ya ce min, "A dai kula min da hotunan nan." Na ce to Baba. Don haka maganar fomatin babu ita.

Lahadi, 3 ga Nuwamba

Walƙiyar shuɗin nan ita ta hana ni barci. Ai saƙo ne, kwamfutar tana faɗin abin da ke damunta, sai dai Windows an saita ta ne in ta faɗi ta tashi da kanta nan take, shi ya sa ba ka samun damar karantawa. Da farko na ɗauki bidiyo da waya ina tsayar da shi hoto-hoto, na ga rubutu amma dishi-dishi. Sai na tuna akwai hanya mai sauƙi: tana tashi ka yi ta danna F8 kafin tambarin Windows ya fito, za ta kawo jerin zaɓi, a ciki akwai wanda yake hana ta sake kunna kanta in ta faɗi. Na zaɓe shi. Wannan karon shuɗin shafin ya tsaya cak, ga lamba a ƙasa: 0x0000007B.

Wannan lambar ma'anarta Windows ta fara tashi sai ta nemi faifan da take kai ta rasa hanyar isa gare shi. Gabana ya faɗi, don abin da ya fara zo min shi ne had dis ɗin ya mutu. Amma da na natsu sai na ce ai in ya mutu murus ko ɗigo-ɗigon tambarin ba za mu gani ba, tunda daga kansa ake karanto su. Na gwada sef mod, wato tayar da Windows da abubuwan dole kawai, shi ma haka, ya jero sunayen direbobi (ƙananan manhajojin da Windows ke magana da sassan kwamfuta da su) a sikirin sannan ya faɗi da wannan lambar dai.

Na shiga BIOS, wato shafin saitin kwamfutar kanta da ake shiga kafin Windows ta tashi, don in ga ko tana ganin faifan. Tana ganinsa, gig 500, sunansa da komai. Sai idona ya kai kan agogo: 1 ga Janairu 2010, ƙarfe sha biyu da 'yan mintuna na dare. Na kira ƙanina na ce kai, da ka fara kunna ta ranar nan ba ta rubuta komai ba? Ya ce "Eh ta rubuta wani dogon turanci ta ce a danna F1, ni kuma na danna." Ashe wata huɗu ta yi a zare daga wuta tun da aka canza mata ɗaki.

Talata, 5 ga Nuwamba

Batirin madabod ne, wato babban allon da duk sassan kwamfuta suke jone a kai. Ɗan ƙaramin nan mai kama da kwabo, CR2032, bolt 3 ya kamata ya bayar, na ciro shi na sa mita na ga bai ma kai bolt 1 ba. Shi yake riƙe agogo da saitin BIOS in babu wuta. Muddin kwamfutar tana jone a bango wutar jiran da ke shigowa madabod tana rufa masa asiri ko da a kashe take, shi ya sa shekara da shekaru ba wanda ya san ya mutu, ranar da aka zare ta kuwa komai ya koma yadda ya fito daga masana'anta.

Abin da ya haɗa wannan da shuɗin shafi shi ne saitin SATA, wato mahaɗar faifai da madabod. A BIOS akwai inda ake zaɓar yadda madabod zai yi magana da faifai, ko IDE ko AHCI. Na tarar da ita a AHCI. Na tambayi Baba ko ya tuna Windows ɗin da ta zo da ita, ya ce wadda take da koren tudu da sararin sama a baya, wato XP kenan. To XP ba ta zo da direban AHCI a cikinta ba, don haka masu sa ta yawanci sai su mayar da saitin IDE su huta, daga baya wani ya ɗora Windows 7 a haka bai taɓa saitin ba. Ita kuma Windows 7 a lokacin da ake sa ta, direban faifan da ba ta ga ana amfani da shi ba sai ta kashe shi. Batir ya mutu, BIOS ya koma AHCI, Windows ta tashi ta nemi faifanta da yaren da ta sani aka amsa mata da wani yaren daban, ta faɗi. Shikenan fa.

Na sa sabon batir, na gyara agogo, na mayar da saitin IDE, na danna F10 don adana saitin, ta tashi. Tambarin ya haɗu tsaf, ga hoton jikokin Baba a sikirin. Wallahi har tsalle na yi. Na tura wa Baba saƙo na ce an gama.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Murna ta koma ciki. Na jona faifan waje ina kwashe hotuna, ta kai wajen kashi 30 sai ɗif, babu shuɗi babu komai, kamar wani ya danna makunni da gangan, ta sake tashi. Na sake farawa, wannan karon minti shida ta yi. Na uku ko shiga Windows ba ta gama yi ba. Ashe da sauran rina a kaba. Na koma wajen Baba na ce a yi haƙuri na yi gaggawar magana, sai a lokacin yake ce min ai tun bara takan yi haka jefi-jefi, shi ya ɗauka halin tsufa ne. Baba kenan.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Kwana biyu ban taɓa ta ba saboda aiki, amma na yi ta tunani, kuma abin da na tsayar shi ne wannan ciwon daban yake da na farko ko da yake a ido iri ɗaya ne. Na farko Windows ce take faɗuwa ta bar saƙo. Wannan kuwa na shiga saiti na cire alamar da ke sa ta tashi da kanta in ta faɗi, amma duk da haka ba shuɗin shafi, na duba foldar C:\Windows\Minidump inda take ajiye bayanin faɗuwa, wayam. A kundin da take rubuta abubuwan da suka faru kuma abin da na gani shi ne Kernel-Power mai lamba 41, wanda ba ya cewa komai illa an kashe ni ba ta hanyar da ta dace ba. Wato ita kanta Windows ba ta san me ya same ta ba, daga ƙarƙashinta aka janye tabarma. Ya zama zafi ne, ko ram (ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita), ko pawa fak (akwatin da ke raba wa sassanta wuta), ko shi kansa madabod.

Amma kafin duk wannan sai na yi abin da ya kamata in yi tun ranar Talata. Na samu ta tsaya na 'yan mintuna na buɗe CrystalDiskInfo, manhajar duba lafiyar faifai, sai ga launin rawaya, alamar gargaɗi. Faifai yana ajiye bayanin lafiyarsa da kansa, ana ce masa SMART, kuma layi biyu ne suka tayar min da hankali: mai lamba 05 da ke ƙirga gurbin da suka lalace aka musanya su, 48, da C5 da ke ƙirga waɗanda ya kasa karantawa yana jiran ya ga abin da zai yi da su, 11. Faifan bai mutu ba amma ya kama hanya. Kuma ni ga ni ina ta kunna shi a injin da ke yanke masa wuta yana tsakiyar aiki. Na kashe ta nan take na ciro shi.

Wani abokina da na faɗa wa ya ce in yi masa chkdsk /r. Na ƙi. Wannan umarnin yana bin faifan gaba ɗaya gurbi-gurbi na awoyi, kuma yana rubutu a kansa yana gyara tsarin fayil yadda ya ga dama, faifai mai lafiya ba komai, amma wanda yake tangaɗi kuma ba ka da kwafi, ka sa shi wannan wahalar kana iya wayar gari ka ga fayil ɗinka sun koma gutsattsari masu suna FILE0000.CHK. Kwafi tukuna, gyara daga baya. Ya ce ni dai na cika tsoro, na ce na yarda.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Yinin yau na kwafi ne. Na jona faifan da laftof ɗina ta adaftar SATA zuwa USB, kuma ga wanda zai gwada, faifan tebur mai inci 3.5 yana buƙatar bolt 12, USB kuma bolt 5 kawai yake bayarwa, don haka sai adafta mai nata wayar wuta, 'yar siririyar nan ta faifan laftof ba za ta juya shi ba. Na tayar da laftof ɗin daga filashi mai Linux Mint, wani tsarin aiki ne daban da Windows, wanda na haɗa da manhajar Rufus, saboda ba na son Windows ta ga faifan ta fara yi masa gyare-gyaren da ban sa ta ba.

Na yi amfani da ddrescue, manhajar kwafe faifai mai matsala gaba ɗayansa zuwa wani faifan. Abin da nake so da shi, ba ya tsayawa ya yi ta naci a wuri mai matsala, yana tsallakewa ya kwashe duk abin da ke karantuwa da sauƙi tukuna, yana rubuta taswirar inda ya tsallake a wani ɗan fayil, sai a ƙarshe ya dawo ya lallaɓa wuraren da suka ƙi. In wuta ta ɗauke ma daga inda ya tsaya zai ci gaba. Inda ake kuskure shi ne sunan faifai, sda ne ko sdb ko sdc, in ka juya tushe da makoma to ka shafe abin da kake son cetowa da hannunka. Sau uku na buga lsblk, umarnin da ke jero faifan da ke jone, ina duba girman kowanne kafin na danna. Zagayen farko da -n, wato kada ya tsaya kankarar wuraren da suka ƙi, awa biyar da wani abu, na biyu da -r3 don ya gwada wuraren da suka ƙi sau uku-uku. Abin da ya ƙi fitowa a ƙarshe bai kai kilobayit 50 ba. Na buɗe kwafin na bi foldar hotuna, uku ne suka fito rabi toka-toka, sauran lafiya lau. Na sake kwafe hotunan da takardun wuri na biyu sannan na kwanta.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Yanzu da hankalina ya kwanta sai na koma kan injin, ba faifai a ciki. Ƙura kam ba a magana, ƙarfen sanyaya furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ya toshe kamar an lulluɓe shi da bargo. Na fitar da ita waje na hure, na riƙe fankar da yatsa kada iska ta juya ta fiye da ƙima. Na cire ƙarfen, man da ake shafawa tsakaninsa da furosesa ya bushe ƙamas yana fashewa, na goge da sifirit na ɗiga sabo kamar ƙwayar wake. A BIOS da tana nuna digiri 68 ba ta aikin komai, yanzu 41. Na ji daɗi amma ban tura wa kowa saƙo ba, na koyi darasi.

Ram guda biyu ne, gig 2 kowanne, DDR3. Na ciro su na goge haƙoransu na mayar, na tayar da MemTest86+, manhajar gwajin ram, daga filashi. Yana cikin zagayen farko, babu jan layi ko ɗaya, sai ɗif ta sake tashi. To ka ga nan babu Windows, babu faifai, zafi ya sauka. Na gwada ram ɗaya-ɗaya a rami daban-daban, duk haka. Da wuya a ce duka biyun sun lalace iri ɗaya, kuma ram mai matsala yawanci kurakurai yake jerowa a gwajin, ba ya yanke wuta haka kawai. Saura biyu kenan, madabod da pawa fak.

Alhamis, 14 ga Nuwamba

Na haska madabod da tocila ina bin kafasita, 'yan gwangwanayen nan masu riƙe caji, ɗaya bayan ɗaya, musamman na kewayen furosesa, ina neman mai kumburarren kai ko wanda ya zubo da abu ruwan ƙasa. Duk kansu a shafe yake. Ban yi wani abu ba bayan wannan, na gaji.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Pawa fak. Na san gwajin nan da ake yi da ɗan ƙarfen maƙale takarda, a haɗa koriyar waya da baƙa a babban fulogi mai ƙafa 24 a ga ko fanka za ta juya, amma a nan ba shi da amfani, ai mun san yana tashi, tambayar ita ce yana iya riƙe kaya? Don haka na bar komai a jone na sa mita a fulogin da ba a amfani da shi, baƙin tsinke a baƙar waya. Rawaya bolt 12 ce, ja 5, ruwan lemo 3.3, kuma ƙa'idar ATX ta yarda da sama ko ƙasa da kashi 5 cikin 100 ne kawai, wato ta 12 kada ta sauka ƙasa da 11.4, ta 5 kada ta sauka ƙasa da 4.75. A BIOS rawayar tana 11.8, ba laifi. Na tayar da gwajin ram na zuba wa mitar ido, 11.6, 11.5, tana rawa, 11.2, sai ɗif. Sau biyu na maimaita don kada in zalunce shi.

Akwai wata waya ruwan toka a babban fulogin nan, da ita pawa fak yake shaida wa madabod cewa wuta ta daidaita, in wutar ta kauce sai ya janye shaidar, madabod kuma ya mayar da furosesa farko. Ina kyautata zaton abin da ke faruwa kenan, shi ya sa take ristat maimakon ta mutu gaba ɗaya. Na leƙa ta ragar bayansa da tocila, ga kafasita biyu can ciki kansu ya yi tulu. Ƙanina har ya ɗauko sukurdireba wai mu buɗe mu canza su, na ce ajiye. Manyan kafasitan da ke ɓangaren shigowar wuta suna iya riƙe caji mai yawa ko bayan an zare waya, ni kuma ba sana'ata ba ce, ba zan je in gwada jarumta a kan kayan shekara goma sha huɗu ba.

Talata, 19 ga Nuwamba

Na aro pawa fak wajen abokin nan nawa mai chkdsk, wat 400, tsohon 250 ne. Kafin in jona na duba fulogan da kyau saboda wasu kwamfutocin kamfani suna zuwa da fulogi nasu na daban wanda bai dace da na gama-gari ba, wannan dai aka yi sa'a ƙafa 24 ne da ƙafa 4 na furosesa kamar kowa. Rawayar waya 12.1, ko motsi ba ta yi. Na bar MemTest86+ ya kwana, da safe zagaye shida, kuskure sifili, ba ta tashi ko sau ɗaya ba.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Na sa mata nata sabon pawa fak na mayar wa mai aro kayansa. Tsohon faifan ban mayar da shi ba, na nannaɗe shi na rubuta kwanan wata a jiki na ajiye a durowa. Faifan da ddrescue ya yi kwafin a kansa shi na sa a ciki, ya tashi, kuma a kansa ne na yi chkdsk ɗin da ake ta min gori, ya gyara 'yan abubuwa, na bi da sfc /scannow mai duba fayil ɗin Windows kanta, shi ma ya wuce. Sai na shiga rajista, inda Windows ke ajiye saitunanta, HKEY_LOCAL_MACHINE\SYSTEM\CurrentControlSet\services\msahci, na mayar da Start daga 3 zuwa 0 don direban AHCI ya riƙa tashi tun daga farko, na koma BIOS na sa AHCI, ta tashi ta sa direbanta ta nemi ristat ɗaya. Na yi haka ne don ranar da wannan batirin ma ya mutu, BIOS ya koma saitin masana'anta, Windows ta tarar da abin da ta sani. Na gwada ma, na zare wuta na cire batir na minti biyar na mayar, agogo ya koma 2010 amma ta shiga Windows lafiya.

Abin da ya rage mu da Baba ne. Microsoft ta daina fitar wa Windows 7 da gyaran tsaro tun 14 ga Janairu 2020, na ce masa Baba ko dai in sa maka Linux ko kuma a raba ta da intanet. Na nuna masa Mint daga filashi, ya kalla na minti biyu ya ce shi a mayar masa da abinsa yadda ya san inda komai yake. To, na zare wayar intanet ɗin, ya ce dama shi a waya yake duba saƙo.

Lahadi, 1 ga Disamba

Kwana takwas tana ɗakin Baba, kullum yana kunna ta, ba ta yi ristat ko sau ɗaya ba. Na liƙa 'yar takarda a cikin murfin akwatin da ranar da aka canza batir da pawa fak da faifai. Hotuna ukun nan da suka lalace, biyu an same su a wayar Yaya babba ta turo min jiya, na ukun har yanzu ana nema. Faifan wajen da na kwafe komai a kai yana wurina, na sa wa wayata tuni duk farkon wata in je in ƙaro abin da ya ƙaru, yau ne na farko, fayil tara.